Masu Neman Wani Nzeogwu, Ku Saurara

Jama'a, yau sai ku yi mini haƙuri, akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro. Duk lokacin da 'yan bindiga suka yi mana ɓarna a Yawuri ko Ngaski ko Shanga, sai ka ji wasu samarinmu, a majalisar mai shayi da Facebook, suna cewa wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an sami wani Nzeogwu ya share 'yan siyasa. Nzeogwu fa! A bakin ɗan Arewa! To, bari in gaya muku wanda kuke kira, tunda na ga sunan kawai kuka haddace.

An haifi Chukwuma Nzeogwu a Kaduna a 1937, iyayensa mutanen Okpanam ne kusa da Asaba. A Kaduna ya tashi, ya yi makarantar St. John's wadda ta koma Kwalejin Rimi, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Kaduna. Ya shiga soja a 1957, ya yi horo a Sandhurst ta Ingila, ya je Kwango aikin kiyaye zaman lafiya. Ba ya shan giya, ba ya shan taba. Wannan duk masu yabonsa suna faɗa. Abin da suke tsallakewa shi ne irin amanar da aka ba shi: shi ne ɗan Nijeriya na farko da aka horar a kan leƙen asirin soja, aka danƙa masa wannan sashe a hedikwatar soja ta Legas. Watau shi ne kunnen gida. Aikinsa ya ji motsin mai shirin cuta kafin ya iso ƙofa.

Me ya yi da wannan ilimi? Da aka mayar da shi Kaduna yana koyarwa a kwalejin horon soja, sai ya shirya atisayen dare mai suna Damisa. Ƙananan sojoji da yawa sun fita suna zaton horo ne. Daren wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, ya kai su gidan Sardauna, aka buɗe wa gidan wuta da bindigar fasa tankar yaƙi. Aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A wannan daren abokan shirinsa suka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa a Kaduna, Akintola a Ibadan, sannan a Legas aka ɗauke Tafawa Ɓalewa, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Largema, da Pam. Ba kotu, ba alƙali, ba shaida. Ni marubuci ne, na kashe mutane da dama a cikin littattafaina, amma ko mugun labarina ban taɓa barinsa ya harbe matar aure a ɗakin mijinta sannan in kira shi jarumi ba.

Kada wani ya ce ina wanke 'yan siyasar wancan zamani. An yi maguɗi a zaɓen 1964, an ƙone gidaje a Yamma a 1965. Mu ma nan muna da namu ƙorafin: a 1964 aka fara madatsar Kainji wadda ta cinye gungaye da gonakin Gungawa. Amma da soja suka karɓi mulki, an fasa tashin mutane ne? A hannunsu aka gama aikin a 1968, ruwa ya hau abinsa.

Ya yi jawabi a Rediyon Kaduna yana zagin masu cin kashi goma cikin ɗari. Cikin 'yan kwanaki ya miƙa wuya ga Janar Ironsi, aka kulle shi a Kirikiri, daga baya aka kai shi kurkuku a Gabas. Abin da ya bari a baya shi ne juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli 1966, da kisan dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan jini alhakinsa na kan waɗanda suka zubar da shi, ba na ɗauke musu. Amma wa ya fara buɗe ƙofar?

Ojukwu ya sake shi a 1967. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya tsaya a ɓangaren Biyafara. Ranar 29 ga Yuli 1967, shekara guda cif bayan ramuwar, ya faɗa kwanton ɓaunar sojojin tarayya kusa da Nsukka. Gwanin leƙen asiri, bai san ana jiransa a hanya ba. Shekarunsa 30. Gowon ya sa aka kawo gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar soja da cikakkiyar girmamawa. Gawar Firayim Minista kuwa a gefen hanyar Abeokuta aka tsince ta bayan kwanaki. A 1987 Obasanjo ya rubuta littafi guda a kan abokin nasa, Arewa ta yi ta surutu, aka wuce wurin.

Ni dai a nawa ganin, tun daga wannan dare idon leƙen asirin sojanmu ya juya. Ya koma kallon bariki da fadar gwamnati, wane hafsa ne ya ziyarci wane, wa ke shirin juyin mulki. Shekaru kusan talatin na mulkin soja haka aka yi su. Daji kuwa aka bar shi ba mai saurare.

Ranar 17 ga Yuni 2021, da rana tsaka, 'yan bindiga a kan babura suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai. Wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Waɗannan babura ba daga sama suka faɗo ba. Sun sha mai a wani wuri, sun ratsa ƙauyuka, wani ya sayar musu da burodi, wani ya nuna musu hanya. Hafsan da nake nema shi ne wanda zai zauna da masunta a bakin ruwan Warra, da direbobin kwalekwale, da masu sayar da mai a galan a kasuwar Yawuri, ya san wa ya sayi jarka ashirin jiya da yamma, kuma ina aka nufa da su.