Makullin Ɗaki Ɗaya Da Ke Buɗe Gida Duka

Yau za mu duba wani al'amari ne da yawancin masu kamfanoni da manajojinsu suka sakar wa ma'aikatan kwamfuta, alhali kuwa hukuncinsa a wuyansu yake. Al'amarin shi ne, wane ma'aikaci ya kamata ya ga wane bayani na abokin ciniki, kuma a ina ya kamata ganin nasa ya tsaya.

A da can, akawu ne ke riƙe da fayilolin abokan ciniki a cikin kabad, makulli kuwa yana aljihunsa. Wanda duk ke son fayil sai ya zo ya sa hannu a littafi, a ba shi wanda ya nema, sauran su zauna a kulle. Yanzu bankuna da kamfanonin waya da na inshora da manyan 'yan kasuwa sun mayar da wannan aiki cikin manhajar kula da abokan ciniki, wadda aka fi sani da CRM. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai ta kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a birnin San Francisco na Amurka a 1999, da kuma ta Microsoft, wadda ta fito a 2003, ake kiranta Dynamics 365 a yau.

Babban amfanin irin wannan manhaja shi ne tana ɗaure bayanai da juna. Kowane abokin ciniki yana da babban fayil, wanda masu wannan sana'a ke ɗauka kamar uwa. A ƙarƙashinsa kuma akwai 'ya'ya: sunayen wakilansa da lambobin wayarsu, cinikin da ake kan tattaunawa, farashin da aka yi masa, bashin da ake bin sa, koke-koken da ya kawo, da wasiƙun da aka yi musaya. Da an buɗe uwar, sai a ga hanyar zuwa ga 'ya'yan. To, a nan ne kuma haɗarin yake, domin iznin da aka ba ma'aikaci a kan fayil ɗaya yakan bi waɗannan igiyoyi ya kai shi inda ba wanda ya yi nufin ya je.

Mu ɗauki misali da kamfanin da ke sayar da injinan ban-ruwa, mai rassa a Kano da Ibadan da Aba. Wani babban dillalinsa ya kawo kukan cewa injina biyu sun lalace, sai manaja ya ce a buɗe wa makaniken reshe fayil ɗin dillalin don ya san inda zai je. Abin da makanike ke bukata shi ne adireshi da lambar injin. Amma idan an shirya manhajar ta yadda izni ke gangarowa daga uwa zuwa 'ya'ya, to, a wannan rana makanike ya san rangwamen da ake yi wa dillalin a asirce, ya san bashin da ke kansa, ya kuma sami lambobin wayar wakilansa duka. Ran da ya bar aiki ya koma wurin abokin hamayya, da wannan sani zai tafi.

Wannan gangarowa ba kuskuren na'ura ba ce, haka aka gina ta, kuma masu ita sun bayyana hakan a fili. A manhajar Microsoft, ga kowace alaƙa da ke tsakanin fayiloli akan zaɓi abin da zai faru da 'ya'ya in an raba uwar da wani ma'aikaci ko an mayar da ita hannunsa: ko dukansu su bi ta, ko waɗanda aikinsu bai ƙare ba kaɗai, ko waɗanda ke hannun mai uwar kaɗai, ko kuma kada ko ɗaya ya bi. A Salesforce kuwa akwai irin alaƙar da ɗan fayil ba shi da mai shi na kansa, duk wanda ya ga uwar ya gan shi, in an share uwar ma shi ma ya tafi. Akwai kuma alaƙa mai sassauci, inda kowane fayil ke riƙe da nasa makulli.

Izni ba gangarowa kaɗai yake yi ba, yana kuma hawa. A Salesforce, wanda aka ba wani koke ko wani ciniki guda, manhajar da kanta takan ba shi damar karanta babban fayil ɗin abokin cinikin, ko da ba wanda ya rubuta masa wannan izni. Har wa yau akwai tsanin muƙamai, inda na sama ke ganin abin da na ƙasa da shi ke gani. A nan muna son manajojinmu su lura ƙwarai. Mu mutane ne masu son girmama na gaba, saboda haka akan ɗora dattijon ofis ko ɗan'uwan mai kamfani a saman tsanin don kada ya ji an rage masa daraja. Amma wannan tsani na gani ne, ba na daraja ba, kuma ba dole ne ya yi daidai da jerin muƙaman ofis ba. Wanda aka ɗora a samansa don kunya, an miƙa masa asirin dubban mutanen da bai taɓa yin hulɗa da su ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan tsoro ne kawai na fatar baki. A 2018 hukumar kare bayanai ta ƙasar Fotugal ta ci tarar asibitin Barreiro, kusa da birnin Lisbon, kuɗi Yuro 400,000. Da aka bincika, sai aka tarar akwai sunaye 985 masu iznin likita a cikin kwamfutar asibitin, alhali likitocinsa 296 ne, kuma likita na iya buɗe fayil ɗin kowane majinyaci ko da ba na sashensa ba ne. A watan Afrilu na 2023 kuma ɗan jaridar nan na Amurka, Brian Krebs, ya fallasa cewa hukumomi da kamfanoni da dama masu amfani da Salesforce sun yi kuskuren shirya iznin baƙo, watau wanda ya shigo ta intanet ba tare da suna ko lambar sirri ba. Cikinsu har da gwamnatin jihar Vermont, inda bayanan masu neman tallafin rashin aiki na lokacin annobar korona, da suka haɗa da adireshi da lambar asusun banki, suka kasance a buɗe. A duka biyun ba ɓarawo ne ya fasa ƙofa ba, masu gida ne suka bar ta a sake. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙasarmu ma doka ta riga ta shigo cikin maganar. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su daga wanda ba shi da izni, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar cikin awa 72 in an sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Tarar babban kamfani na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Amma hasarar talaka ta fi wannan ciwo. Ɗan damfarar da ya kira mutum a waya ya ambaci cikakken sunansa da reshen bankinsa da koken da ya kai makon jiya, ya riga ya ci rabin yaƙi, domin mutum yakan yarda da wanda ya san sirrinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganin abin tsoho ne. Tun a 1975 wasu malamai biyu na jami'ar MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta cewa a ba kowane mai aiki da kwamfuta mafi ƙarancin iznin da zai ishe shi yin aikinsa. Gidan Bahaushe ma a kan wannan ƙa'ida aka gina shi: baƙo iyakarsa zaure, wani yakan wuce zuwa tsakar gida, turaka kuwa ba kowa ba. Saboda haka shawararmu ga mai kamfani ita ce ya fara da rufe kome, sa'an nan ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan bisa ga bukatar aiki, domin ƙa'idojin raba fayil na Salesforce buɗewa suke yi, ba sa rufe abin da aka riga aka bari a buɗe. Ya zauna da ma'aikacin kwamfutarsa su bi alaƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya: in na ba wane wannan, me kuma zai gani? Bayani mai nauyi irin su bashi da rangwame da lambar BVN a kulle gurbinsu daban, ko da fayil ɗin a buɗe yake. Iznin kwashe bayanai da yawa a fitar da su waje a taƙaita shi ga mutum ƙalilan. Wanda aka sauya wa wurin aiki a karɓe tsohon makullinsa kafin a ba shi sabo, wanda ya bar aiki kuma a rufe sunansa a ranar. Bayan an gama, manaja ya sa a shiga da sunan ƙaramin ma'aikaci a gabansa, ya gani da idonsa abin da ke buɗuwa.

Sai dai kuma kada a wuce gona da iri. In an tsananta kulle har akawun da ke amsa waya ya kasa ganin koken da abokin ciniki ya kawo jiya, to, ma'aikata za su nemi mafita da kansu. Za su riƙa aron lambar sirrin juna, ko su kwashe bayanan su zuba a wayoyinsu, su riƙa aikawa ta WhatsApp, inda ba rajista ba mai tsaro. Daga nan in abu ya ɓace ba a san wanda za a tambaya ba. Don haka a tambayi masu aikin abin da suke bukata da gaske, a ba su shi cikin sauƙi, a kuma buɗe hanyar neman ƙarin izni na ɗan lokaci wanda zai ƙare da ƙarewar aikin.

Abokin ciniki da ya ba kamfani sunansa da lambarsa da labarin bashinsa, amana ya bayar don a yi masa aiki guda. Mai kamfanin da bai san ma'aikata nawa ne ke iya buɗe wannan fayil ba, ya kamata ya tambaya tun a wannan mako, kafin hukuma ko ɗan damfara su riga shi sani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.