Jitar Agadas ta gama duniya, mu muna nan muna danna fiyano

A watan Fabrairun 2025, masu raba kyautar Grammy a Los Angeles suka yanke hukunci cewa kundin kiɗan rok da ya fi kowanne shi ne Hackney Diamonds na Rolling Stones, dattawan da jagoransu Mick Jagger ya riga ya haura shekara 80. Wata kyautar ta rok kuma suka miƙa ta ga Beatles, ƙungiyar da ta watse tun 1970, saboda waƙar da aka tsamo muryar John Lennon daga wani tsohon kaset da taimakon kwamfuta, fiye da shekara 40 bayan mutuwarsa. Ba ni da rigima da tsofaffi, balle matattu. Amma a cikin watannin da aka yi alƙalanci a kansu ne Mdou Moctar, ɗan Nijar, ya fitar da Funeral for Justice, a watan Mayun 2024, kuma ko cikin jerin 'yan takarar rok sunansa bai fito ba. Duk wanda ya saurari kundayen nan biyu a jere, sannan ya ce na dattawan Ingila ne mai rai a jika, to a kai shi a duba masa kunne.

Funeral for Justice ba ya sallama. Kana kunna shi ganga za ta faɗo maka, jita ta biyo bayanta a guje. Mdou bahago ne, da yatsunsa yake kaɗawa, kuma yana da wata ɗabi'a ta kama 'yar gajeriyar karin murya ya yi ta juya ta, yana ƙara mata sauri da zafi, har sai ka rasa inda ta faro. A ƙarƙashinsa Ahmoudou Madassane na riƙe da jita ta biyu ba ya ko gezau, Souleymane Ibrahim na sukuwa a kan ganguna, shi kuwa Ba'amurken cikinsu, Mikey Coltun, ya danne ƙasa da babbar jita mai kauri. Waƙar da ta fi kama ni ita ce Imouhar. Tana farawa ƙasa-ƙasa, a dushe, har ka kai hannu za ka ƙara murya, sai kawai ta fashe maka a fuska. Kuka ne a kan yadda Abzinawa ke sakin harshensu na Tamashek. Akwai kuma Oh France, wadda ba ta ɓoye wanda take nufi ba. Mutumin da ya fito daga ƙasar da aka fara haƙar yuraniyom ɗinta a Arlit tun 1971, aka yi ta haska biranen Faransa da shi alhali akasarin gidajen Nijar ba su da lantarki, yana da dalilin da zai sa jitarsa ta yi ihu. An naɗi kundin ne kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, saboda haka kada wani ya ce bin iska ya yi.

Wannan shi ne rok, idan kalmar tana da sauran amfani: fushi, ƙara, gumi, da mutum huɗu da ke sauraron juna suna kiɗa a lokaci guda. Kamfanin da ya fitar da shi ma, Matador na New York, gidan su Pavement ne da Yo La Tengo da Interpol, wato cibiyar abin da ake kira kiɗan indi. Duk da haka, da zarar marubutan Turai da Amurka sun ɗauki alƙalami sai su laƙaba masa "Hendrix na Sahara", kamar yadda suka laƙaba wa Bombino kafinsa. Ba za su iya jin baƙin mutum riƙe da jitar lantarki ba sai sun nemo masa uban gida a Amurka. 'Yan ƙungiyar Abzinawa ta Tinariwen sun ci Grammy a 2012 da kundin Tassili, amma a rukunin "kiɗan duniya", wannan kwandon da ake zuba duk wanda ba ya waƙa da Turanci. Bombino, ɗan Nijar na farko da aka taɓa sa sunansa a takarar, da kundin Deran na 2018, a can aka ajiye shi shi ma. A 2020 suka sauya wa rukunin suna, suka bar shi yadda yake.

Ko Tears of Injustice na Fabrairun 2025 ina jin sa da zuciya biyu. Waƙoƙin Funeral for Justice ne aka sake kaɗawa ba lantarki, kuma dalilinsa mai taɓa rai ne: juyin mulki ya rutsa da su suna zagayen wasa a Amurka, an rufe iyakoki, ba hanyar komawa gida, sai suka shiga situdiyo. Yana da daɗi, ba musu. Amma ina jin haushin masu cewa wai wannan ne "na asali". Abin da suke so ke nan tun farko: Ba'abzine da rawani a bakin wuta, ga shayi, yana baƙin ciki cikin ladabi. Ni wanda ke ihun nake so. Haka ma Nomad na Bombino na 2013, wanda Dan Auerbach na Black Keys ya haɗa a Nashville. Shi ya buɗe masa ƙofofi, na yarda, amma an yi masa kwalliyar da ba ya buƙata, kuma har gobe kundinsa Agadez na 2011 ya fi mini shi.

To, wannan na waje ke nan, kuma ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Bature ya raina kiɗan Agadas, amma aƙalla ya saya, ya cika zaure, ya yi tafi. Mu fa?

Shiga kasuwar waya a Kano ko Kaduna ko Gusau, ka ce wa mai tura waƙoƙi ya sa maka Mdou Moctar. Zai tura maka na Indiya, na Legas, na Sudan, har na Koriya, amma wannan sunan sai ya tambaye ka ko sabon ɗan fim ne. Alhali Agadas ba bayan duniya take ba. Hanya ce daga Kano ta Damagaram, wadda fatake suka bi shekaru aru-aru da gishiri da raƙuma, kuma ko yau ka sauka a kasuwarta da Hausa za ka yi ciniki. Abin da ya fi ciwo shi ne, kundin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. Takanas ya zo don salonmu, na waƙoƙin fim: ganga ta na'ura, da murya da aka matse da Auto-Tune har ta koma kamar ta aljani. Waƙoƙin suka bi memori da bulutut suka gama Sahara daga waya zuwa waya, har ɗaya daga cikinsu ta faɗa kunnen Christopher Kirkley, wani Ba'amurke da ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Wato Mdou ya zo gidanmu, ya ɗanɗana abin da muke dafawa, ya ɗauki abin da zai ɗauka, ya wuce. A 2024 yana kan dandalin Coachella a California. Mu kuwa har yanzu muna cikin ɗakin nan da ya bari a 2008, da fiyano ɗaya, da kwamfuta ɗaya, da yaro ɗaya mai danna su.

Saurari sababbin waƙoƙin da ke fitowa a Arewa kowane mako, ka gaya mini gaskiya. Muryoyi akwai su. Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Hamisu Breaker, duk Allah ya ba su maƙogwaro da iya jera kalmomi, kuma ba na cikin masu yi wa waƙar soyayya kallon banza. Amma ka cire muryar ka saurari abin da ke ƙasa. Sarewar roba iri ɗaya, ganga iri ɗaya wadda ba ta taɓa yin kuskure ba saboda ba ta da hannu, da ɗan kiɗan shiga iri ɗaya da za ka iya rantsewa ka ji shi a waƙa ɗari. Da safe a yi wa amarya, da rana a canza suna a yi wa ɗan takarar majalisa, da dare a mayar da ita ta rabuwar masoya. Ba wanda ke zama ya ƙera kundi guda mai kai da gindi, wanda za a saurara daga farko zuwa ƙarshe. Burin kawai a samu daƙiƙa talatin da 'yan TikTok za su yi rawa da ita kafin Juma'a. In ka je bikin ma, mawaƙin zai riƙe makirufo ne yana motsa baki a kan abin da aka naɗa, ana yi masa liƙi.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: wai jita kayan Nasara ce, rok ba al'adarmu ba ce. Madalla. Shi fiyanon Yamaha a Ɗanbatta ake ƙera shi? Auto-Tune ɗin da aka ƙirƙira a Amurka a 1997, gadon kakanninmu ne? Karin waƙoƙin da muka kwashe shekaru muna ɗebowa daga finafinan Indiya fa? Idan ana maganar kusanci da gida, jita 'yar'uwar gurmi ce da garaya da molo, tsirkiya ce da yatsa. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kan kuntigi ya tsayar da ƙasar nan cik, ya yi wa ɗan adam da ƙaramin ma'aikaci da mai mulki faɗa. Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa, waɗannan mutane hannunsu ke magana, kuma in sun hau kiɗa ba su san inda za su sauka ba sai sun isa. Wanda ya san wannan ba zai ji Mdou Moctar ya ce baƙo ne ba. Shi ma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a son a ji yaro na kiɗa.

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce mun raina makaɗi. Muna son kiɗan, muna kiran mai yin sa maroƙi, ba ma ba shi 'ya. Sai kwamfuta ta zo ta raba mu da kunyar: yanzu ana iya yin waƙa ba tare da kowa ya zama makaɗi ba. Shata ya tafi a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma ka ƙirga matasan da suka gaji hannunsu ka gani ko za ka cika yatsunka. A Agadas ma akwai masu ƙyamar kiɗa, amma biki bai yarda ya rabu da makaɗa masu rai ba. Etran de L'Aïr, 'yan'uwan juna ne da suka fara tun 1995, a bukukuwan aure da suna na unguwannin talakawa suka goge, suna kiɗa awa da awanni a cikin ƙura. Shi ya sa 100% Sahara Guitar na 2024 yake da wannan walwalar: jitoci suna zagaya juna suna tsokana, ba wanda ke wa'azi, ba wanda ke nuna gwaninta, ƙafarka ce kawai za ta ƙi zama. A Yamai akwai Tal National, ƙarƙashin Almeida, mutumin da aka san shi alƙali da rana, makaɗi da dare. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma Kaani na 2013 da Tantabara na 2018 wani kamfanin indi na Ingila, FatCat, ne ya fitar da su. Waƙa da Hausa, a kan jita mai gudun tsiya, tana yawo a shagunan Landan, amma gidajen rediyonmu masu awa ashirin da huɗu ba su da minti biyar da za su ba ta. Akwai ma Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad, 'yar ƙauye da ta koyi jita a kan ta wanta, ta je ta kaɗa a New York. A nan da wace irin magana za a tare ta?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin Kirkley, Sahel Sounds, daga Portland yake aiki, kuma shi ne ya tono kaset ɗin Mamman Sani na 1978 ya sake fitar da shi a 2013. A shekarar ce kuma ya tattara waƙoƙin finafinanmu na Hausa ya buga su a faifai da sunan Harafin So. Ba na zaginsa, aikin da muka ƙi yi ne ya yi. Amma ina attajiranmu da ke iya ɗauko mawaƙi daga Legas a jirgi don bikin 'ya? Ina masu gidajen rediyo da talabijin da ke cika mu da jawabin raya al'ada duk ranar Hausa ta duniya? Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, muka yi ta murna a Facebook, amma ko sau ɗaya ba mu tambayi me mutanen can ke kaɗawa ba.

Ba cewa nake kowa ya koma son rok ba. Wani ƙarar ma ba ta yi masa, kuma hakkinsa ne. Abin da nake cewa shi ne a daina sa mu jiran wata jaridar Amurka ta gaya mana abin da ke faruwa a maƙwabta. Masu shirya shirye-shiryen kiɗa su nemo kundayen Mdou, Afrique Victime da Funeral for Justice, su sa, su bar masu sauraro su kira su yi zagi ko yabo. Masu situdiyo su ajiye jita da kalangu da gurmi a ɗakin, su biya wanda ya iya su. Su kuma masu ɗaurin auren da ake rufe titi saboda shi, su sani cewa Etran de L'Aïr makaɗan biki ne, sana'arsu ke nan tun 1995, suna jin Hausa, kuma mota ce za ta kawo su.