Jar Fitila a Gaban Direba Ba Ado Ba Ce

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyin gama kai da yawa yanzu sun mallaki inji. Wasu suna da a-kori-kura ta kai amfanin gona kasuwa, wasu tarakta, wasu kuwa injin niƙa ko injin ban ruwa. Kuɗin masara da doya na shekaru aka tara kafin a saye su. Duk da haka ba wuya a ga motar ƙungiya an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. In an tambaya sai a ce, "Ai injin ne ya buga." Mu kuwa mun ce inji ba ya bugawa haka kawai. Abu biyu ne su kan kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba: ƙyale jar fitila, da zuba baƙin man da bai dace ba. A ganinmu kuma nauyin yana wuyan kwamiti, gama shi ne ya kamata ya kafa wa direba doka.

Abin da fitilu ke faɗa

Fitilun da ke allon gaban direba suna magana ne da launi. Ja tana cewa a tsaya. Mai ruwan ɗorawa tana cewa akwai ciwo, a kai wa makaniki ba da jimawa ba. Kore ko shuɗiya sanarwa ce kawai, kamar ta sigina ko ta babbar fitilar hanya. Sa'ad da aka murɗa mabuɗi kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi su kan kama tare, sa'an nan su mutu bayan ya tashi. Ku lura da wannan in za ku sayi tsohuwar mota. Fitilar da ta ƙi kamawa a lokacin, ko dai ƙwanta ya mutu, ko kuwa wani ya cire shi don ya ɓoye ciwo.

Wadda ta fi duka hatsari ita ce ja mai kama da 'yar buta tana ɗigo. Direbobi da yawa suna tsammani tana nufin mai ya ɗan ragu, a ƙara in an isa gari. Ba haka ba ne. Tana nufin ƙarfin da ke tura mai cikin inji ya faɗi, watau ƙarfe ya soma gogar ƙarfe a bushe. Mai yiwuwa man ne ya zube, ko famfon mai ya gaji, ko dauɗa ta toshe rariyarsa. A cikin 'yan mintoci kaɗan karanshaf zai iya lalacewa. Abin yi shi ne a ratse, a kashe inji, a jira kamar minti 5, a zaro ƙarfen awon mai a duba. In man ya ragu a ƙara, a sake tayarwa. In fitilar ta ƙi mutuwa, a kashe, a nemi motar da za ta ja. Wani lokaci 'yar na'urar fitilar ce kaɗai ta lalace, amma makaniki ne zai tabbatar da haka, direba kada ya yi caca da injin jama'a.

Jar fitilar zafi ita ma tsayawa ce, kuma kada a buɗe murfin lagireto da zafi, gama tafasasshen ruwa zai feso wa mutum a fuska. Mai hoton batir tana nufin caji ya tsaya. A motoci da yawa fambel ɗaya ne ke juya na'urar caji da famfon ruwa, saboda haka in ya tsinke zafi yana biye. Ta birki, in an sauke birkin hannu ba ta mutu ba, a duba man birki kafin a motsa. Motocin gas da yawa suna da fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filtar mai, a tsiyaye shi. Mai ruwan ɗorawa mai hoton inji kuwa, akwai 'yar kwamfuta da makanikai ke jonawa ta karanta ciwon. Tun 1996 Amurka ta tilasta a sa wa ƙananan motoci wurin jona ta, don haka yawancin tsofaffin motocin da a ke shigo mana da su suna da shi.

Mun san abin da wasu za su ce: "Ranar kasuwa ce, tumatir yana bayan mota, in mun tsaya ya ruɓe." Gaskiya ne hasara ce. Amma ku auna kuɗin hayar wata mota na yini ɗaya da kuɗin sauke inji, da watannin da motar za ta yi a gareji lokacin kaka. Direban da ya san za a yi masa faɗa in kaya sun makara, zai rufe ido ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa mu ke cewa kwamiti ya ba shi ikon tsayawa a rubuce.

Zaɓen baƙin mai

A jikin kowane galan na kirki akwai lambobi iri biyu. Na fari shi ne na kauri, kamar SAE 15W-40 ko 5W-30. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ƙanƙantarta ita ce saurin gudunsa da asuba. Ta biyu tana nuna kaurinsa sa'ad da inji ya yi zafi, a kan auna ta a digiri 100. Na biyu shi ne matsayin API. Wanda ya fara da S na injin fetur ne, kamar SL, SN, ko SP da aka fitar a 2020. Wanda ya fara da C na injin gas ne, kamar CH-4, CI-4 ko CK-4. Harafi na biyu in ya yi gaba, man ya fi sabunta. Man gas yana da maganin da ke riƙe baƙin hayaƙi don kada ya dasƙare, saboda haka man fetur zalla bai dace da tarakta ba.

Akwai makanikan da ke cewa ƙasarmu da zafi, sai mai kauri, ko wace mota a zuba mata 20W-50. Wannan shawara ta yi wa Peugeot 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975 daidai. Injunan fetur na baya-bayan nan kuwa hanyoyin mansu ƙanana ne, da yawa an ƙera su ne don 5W-30 ko 0W-20. Mai kauri ya kan yi jinkirin isa saman inji da safe, balle da hunturu a Jos ko Mambila, kuma lokacin tayarwa ne ƙarfe ya fi cin ɗan'uwansa. Mun yarda tsohon injin da ya saki jiki zai iya son mai ɗan kauri. Amma alƙali shi ne littafin da ya zo da motar, wasu ma an rubuta lambar a murfin mai. Babur yana son man da aka rubuta wa JASO MA, domin kulocinsa yana cikin mai ne.

Man da a ke aunawa da kwalba a bakin hanya, babu mai sanin asalinsa. Wani ɗanyen mai ne wanda ba a haɗa masa magunguna ba, wani tsohon juye ne aka tace. Araha ba ta ado. A sayi galan mai rufaffen baki da tambarin hukumar SON, a wurin dillalin da aka sani.

Dokoki biyar ga kwamiti

1. Jar fitila ta kama, direba ya tsaya, kada kuma a ci shi tara saboda makara.

2. Ma'aji ne zai sayi mai da filta, a yi juye a gaban ɗan kwamiti, a huda tsohon galan don kada a sake cika shi a sayar.

3. Kowace safiya a duba mai a wuri mai daidai kafin a tayar. Kada ya wuce layin sama. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kada a tayar.

4. A ajiye littafi a mota, a rubuta rana, da kilomita, da irin man. A kan hanyoyinmu masu ƙura, kilomita 5,000 ya isa juye tare da filta, sai in littafin motar ya ce ƙasa da haka. Tarakta da injin ban ruwa awoyi a ke ƙidaya musu. Ƙaramin inji irin Honda GX160, juyen fari bayan awa 20 ne, sa'an nan kowane awa 100.

5. Tsohon mai kada a zubar a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba don kaska ko ƙazuwa. Guba ne.

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta waɗannan a taro mai zuwa, direba yana zaune. Sa'an nan ku fita tare, ku murɗa mabuɗi, ku ƙirga fitilun da suka kama.