Shiru Ba Ya Kare Ma'aikaci

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu. Masu haƙar zinariya ne suke kawo duwatsu gida suna niƙawa, ƙurar tana shiga abinci da ruwan sha. Abin baƙin ciki, a wasu ƙauyuka an riƙa ɓoye mace-macen don tsoron kada hukuma ta hana sana'ar.

Irin wannan shiru yana nan tare da mu a Gwandu da Kalgo. Yaro yana feshin magani a gonar albasa ko shinkafa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, jiri na ɗibarsa, amma ba zai faɗa ba. Lebura ya ga katakon da magina suke takawa ya tsage, mai aikin injin casa ya ga bel ba murfi, kowa ya ja bakinsa don kada a ce masa gobe ya zauna gida.

Maganar Allah ba ta yarda da wannan ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya kewaye rufinsa don kada wani ya faɗo. A Ezekiyel 33 kuwa, mai tsaron da ya hango hatsari bai yi gargaɗi ba, a hannunsa za a nemi jinin wanda ya hallaka. Dokar ƙasa ma ta yi magana: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da maigidansa, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7.

Saboda haka muna kira ga masu ɗaukar ma'aikata: ku tambaya kafin a fara aiki, ku saurara, kada ku kori wanda ya nuna ɓaraka. Ma'aikata kuma, ku faɗa da wuri, cikin ladabi, ku tafi ku biyu in kuna jin tsoro. Dattawan ikkilisiya, mu fara daga gida: a ginin majami'a, a makarantunmu da dakunan shan magani, a sa mutum guda wanda kowa zai iya kai wa ƙorafi.

Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya ba mu bakin faɗa da kunnen ji. Amin.