Yadda Aka Gane Ƙurar da Kumbon Hayabusa Ya Kawo

Yau Japan za mu leƙa.

A watan Yunin 2010 wani ɗan akwati ya sauka da lema a hamadar Woomera ta Ostireliya. Kumbon Hayabusa ne ya jefo shi, bayan tafiyar shekara bakwai zuwa wani dutsen sararin samaniya mai suna Itokawa. Sai dai na'urar da aka tsara ta harbi dutsen don tsakuwa ta tashi ba ta yi aiki ba. Da aka buɗe akwatin, ido bai ga wani abin kirki ba. Ko duk wahalar ta tashi a banza ke nan?

Masanan suka kankare cikinsa da wani ɗan cokali, suka sa shi a madubin ilektiron. Sai ga ƙura, yawancinta ba ta kai mikuromita 10 ba, alhali silin gashin kai ya ninka haka sau da yawa. To, ƙurar Itokawa ce ko ɓarɓashin alminiyam ɗin akwatin? Hoto kaɗai ba zai raba gardama ba.

Nan ne na'urar EDS ta shigo. Idan madubin ya harba ilektiron kan ƙwayar ƙura, yakan fizge wani ilektiron daga can cikin atam. Wani daga waje sai ya faɗo ya cike gurbin, rarar ƙarfinsa ta fita a matsayin hasken eksire, irin wanda muka sani a asibiti. Abin da ya fi burge mu shi ne kowane sinadari da nasa ma'aunin ƙarfi, kamar yadda muke gane muryar abokinmu ko a cikin duhu. A ma'aunin keV, alminiyam na bayyana a 1.49, silikon a 1.74, baƙin ƙarfe a 6.40. Na'urar tana ƙirga hasken ɗaya bayan ɗaya, ta zana tsaunuka a fuskar kwamfuta.

Tana da nata rauni fa. Ba ta ganin haidurojin sam, kuma tsaunin dalma da na farar wuta sukan hau kan juna, sai mai aikin ya yi hattara.

A Nuwamban 2010 hukumar JAXA ta sanar cewa ƙwayoyi kusan 1,500 duwatsu ne masu magnesiyam da silikon da baƙin ƙarfe, kuma yadda sinadaran suka cakuɗu ya dace da na duwatsun da ke faɗowa daga sama, ya bambanta da na duwatsun duniyarmu.