Suna Yana Nan, Mai Girkin Ta Tafi

Da fatan an gama hutu lafiya, yara sun koma makaranta, kunnuwanmu sun huta.

Mu a gidanmu muna da wata al'ada. Duk hutun makaranta, ranar da ba ni da aikin dare a asibiti, maigida yakan kwashe mu da yara zuwa wani gidan abinci a nan Na'ibawa, ba nisa da Titin Zariya. Ba wurin ƙawa ba ne, benci ne da tebur da fanka. Direbobin da ke sauke kaya a 'Yan Lemo da 'Yan Katako, da ma'aikatan kamfanonin Sharada da Challawa idan sun tashi aiki, su ne ke cika shi. Abin da ke kai mu shi ne miyar taushen wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin daddawarta ke tarbar mutum.

A wannan hutun mun je kamar kullum. Allon sunan yana nan, bencin yana nan. Amma da aka kawo tuwon shinkafar, sai na ji shi da ɗumi-ɗumi kawai, miyar kuma gishiri da magi sun danne komai. Babban ɗana ya kai loma ɗaya ya ɗago kai ya ce, "Umma, wannan ba miyar Inna ba ce."

Na tambayi yarinyar da ke kawo abinci. Ta ce, "Ai Anti, Inna ta bar mu tun bayan ƙaramar Sallah. Wani kamfani a Bompai ya ɗauke ta tana yi wa ma'aikata girki, sun fi biya."

Autata ba ta cin tuwo, dafa-duka aka kawo mata. Ba a yi awa uku da komawarmu gida ba ta fara amai. A daren, ina zaune da kofi da cokali ina ba ta ruwan gishiri da sukari, na riƙa tunanin abin da Inna ta tafi da shi.

Na farko, ta tafi da idonta na kasuwa. Ita ke zaɓen kabewarta da tattasanta, ita ke shinshina daddawa kafin a biya. Na biyu, ta tafi da ma'auninta, domin a tafin hannunta yake, ba wanda ya taɓa rubuta shi. Wadda ta gaje ta, da ta ɗanɗana ta ji miya ba ta yi ba, sai ta cike giɓin da magi da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magin da muke jefawa akasarinsa gishiri ne. Mai hawan jini a gidanki, kwano ɗaya na irin wannan miyar ya kusa cinye masa rabon ranar.

Na ukun shi ne ya fi damuna. Inna tana da bakin da za ta dubi mai wurin ta ce, "Alhaji, wannan shinkafar ta kwana, ba za a sayar ba." Da kunnena na taɓa jin ta faɗa, kuma ba a sayar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shinkafa da man girki da gas duk suka yi tsada, zubar da tukunya guda ya zama asarar da mai gidan abinci ba ya son ji. Sabuwar yarinyar da ke tsoron rasa aikinta ba za ta iya wannan maganar ba. Mu ma a asibiti mun san haka. Duk ranar da babbar nas mai tsawatarwa ta yi ritaya, gadaje suna nan, magunguna suna nan, amma sai an yi da gaske kafin ɗakin ya koma yadda yake.

Ku riƙe wannan game da shinkafa. Akwai ƙwayar cutar da ke iya tsira daga dahuwa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye ba zafi ba sanyi, ƙwayar tana hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Aman yakan fara ne cikin awa 1 zuwa 6 bayan an ci. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan: ko ya zauna a kan wuta da zafinsa, ko ya shiga firiji. Ga kuma halin wutar lantarkinmu, kun san shi.

Don haka, 'yar'uwa, idan kin koma wurin da kika saba bayan an daɗe, kada suna ya ruɗe ki. Ki tambaya, "Har yanzu mai girkin nan ce?" Ba rashin kunya ba ne. Ki duba ko abincin yana tururi. Ki leƙa inda ake wanke kwanuka, ki ga ko ana sauya ruwan. Ki ɗanɗana kafin ki miƙa wa yaro. Ki lura da tsofaffin masu zuwa wurin, domin direba da leburan kamfani ba sa komawa inda aka ɓata musu ciki. Idan benci ya yi fayau a lokacin cin rana, sun riga ki sani.

Idan kuma abin ya faru, ga haɗin: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, kada a daina shayarwa. In ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi laushi, ko kin ga jini a bayan gida, a tafi asibiti nan take. Autata ta warware washegari, alhamdu lillahi.

Ban ga laifin Inna ba, kowa yana neman inda guminsa zai yi daraja. Laifin na wanda ya yi shekaru da ita bai sa kowa ya tsaya kusa da tukunyarta ya koya ba. Wannan ya sa na dubi gidana. Ranar da nake aikin dare, wa ya san miyata? Wa ya san cewa ba na yarda shinkafa ta kwana a tukunya? Tun makon jiya na fara kiran babbar ɗiyata da yayanta madafa, ina aunawa da cokali a gabansu, ina faɗa musu dalili.

Ke fa, wa kika koya wa? Ku rubuto mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.