Jin Hausa Ba Shi Ne Amana Ba: Kira Ga Ƴan Kasuwarmu Kan Dillalan Inshorar Lafiya

 Yau ina son mu tattauna a kan wata magana da ba a cika yin ta a rumfa ba sai ranar da ta faru, wato rashin lafiya a ƙasar da ba taka ba, da kuma mutanen da ke zagayawa suna cewa a ba su kuɗi su yanko mana katin inshorar lafiya, abin da direbobinmu suka fi sani da asiransi.

Kowa ya san yadda arzikin yankin nan yake tafiya. Daga Dungas da Dogo-Dogo da Malawa ana kora bisashe zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Daga Magarya da Bande da Yekuwa ana bi ta Babban Mutum ko Babura a gangara Kano, a kai riɗi da wake Dawanau, a ɗauko atamfa a Kantin Kwari, a loda kayan masarufi a Singa. Wasu kwana biyu suke yi su juyo, wasu wata guda, wasu kuma sun kama haya can sun zauna da iyalinsu. Akwai ma waɗanda suka zarce Legas da Kwatano, har Dubai da ƙasar Sin. Duk mai irin wannan tafiya yakan zauna ya yi lissafin kuɗin mota da na duwan da na masauki da faɗuwar canji, amma da wuya ka ga wanda ya sa ciwo cikin lissafinsa.

A nan gida akwai ɗan sassauci. Tun shekarar 2005 gwamnati ta ce aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne, a 2006 aka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. A watan Agustan 2024 kuma aka rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na gwamnati, daga ranar 1 ga Satumba. Mun san ana kukan ƙarancin magani, amma duk da haka sauƙi ne. Sai dai wannan sauƙi ba ya bin mutum ya tsallaka iyaka. Ranar da ciwo ya kayar da kai a Kano, kuɗin kati daban, na gwaji daban, na gado da jini da magani daban, kuma duk da naira. Jarin da mace ta shekara biyar tana tarawa da adashe yana iya narkewa cikin mako biyu a bakin gadon asibiti.

Maganin wannan ne ya sa aka ƙirƙiro inshorar lafiya. Ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa, ƴar'uwar adashe ce. Mutane da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a biya masa daga asusun. Bambancin kawai shi ne a adashe kowa yana da ranar ɗauka, a nan kuwa mai ciwo ne ke ɗauka. A Nijeriya, a watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan ƴan ƙasa da baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida. Jihar Kano tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya da aka yi wa doka a 2016, Katsina da Jigawa su ma suna da nasu. A Nijar akwai dokar 2008 da ta tsara asusun taimakon juna na lafiya, akwai kuma kamfanonin inshora da ke aiki ƙarƙashin dokokin CIMA, ƙungiyar da ƙasashen Afirka 14 suka kafa a 1992.

To ina matsalar take? Takardun can da Ingilishi aka rubuta su, na nan da Faransanci, kuma irin Turancin lauyoyi ne wanda ko ɗan boko sai ya karanta sau biyu. Hausawa sun ce baƙo makahon gari. A wannan hali ne wani zai ɓullo da jaka a hannu, ya gaishe ka da Hausa mai daɗi, ya tambayi mutan gida, ya ce ai shi ma kakarsa ƴar Damagaram ce. Nan take sai zuciya ta kwanta, a ce ai namu ne. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, idan aka buɗe waya aka zo maganar wanda aka cuta a wajen takardu, kalmar da na fi ji ita ce: “Malam, ai Bahaushe ne ɗan'uwana, shi ya sa ban bincika ba.”

Ra'ayina a nan shi ne, dillalin da ke jin harshenka dole ne, domin ba a sa hannu a abin da ba a fahimta ba. Amma jin harshe ƙofa ce kawai, ba shi ne amana ba. Ku tuna da kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro. A zango kowa Hausa yake yi, har da ɓarawo. Abin da ya sa suka ba fatoma amanar dukiyarsu shi ne yana da gida sananne, yana da sarkin zango da za a kai ƙararsa, kuma ya san baɗi ayarin zai dawo. Haka nan a yau babu wanda zai miƙa wa dillali sa a Maigatari don kawai ya iya gaisuwa. Sai an san turkensa, an san wa ya tsaya masa, an san la'adarsa. Me zai sa mu tsananta bincike a kan sa, mu yi sakaci a kan lafiyarmu?

Abu na farko, ka tambaye shi wa ya aiko shi. Dillalan inshora iri biyu ne. Akwai wakilin kamfani guda, wanda hajar kamfaninsa kawai yake tallatawa, akwai kuma dillali mai zaman kansa da ke zagaya kamfanoni ya nemo maka wanda ya dace. Dukkansu la'ada suke ci daga abin da ka biya, kuma wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata ka sani. Kowannensu dole ya kasance da izinin hukuma: a Nijar daga ma'aikatar kuɗi, a Nijeriya daga hukumar NAICOM, kamfanonin da ke kula da katin lafiya kuma daga NHIA. Kada ka tsaya a katin da ya rataya a wuya, domin kati kowa na iya bugawa. Ka ce ya kai ka ofis, ka ji daga bakin ma'aikatan cewa sun san shi. Wanda ofishinsa a waya yake, ranar da ya kashe wayar ofis ya rufe.

Na biyu, maganar kuɗi. Ƙa'idar kamfanonin inshora ita ce idan ba a biya ba, babu kariya. Ƙasashen CIMA sun tsaurara wannan a 2011, Nijeriya kuma daga Janairun 2013. Ke nan idan ka ba wani da ba shi da rajista kuɗi a hannu ya sa aljihu, takardar da ya ba ka ba ta fi ta ƙunshe ƙosai daraja ba. Ka biya a teburin kamfani ko a asusunsa na banki, ka karɓi rasit mai hatimi da sunanka. Mun saba da ciniki na baki da shaidu biyu, amma a wannan harka rasit shi ne shaida.

Na uku, kada ka tambayi abin da ke ciki kawai, ka tambayi abin da ba ya ciki. Dillali zai jero maka alheri, ba zai fara da sharaɗi ba. Shin ciwon da kake da shi tun da, kamar hawan jini ko ciwon suga, yana ciki? Haihuwa da fiɗa fa? Kwana nawa za ka jira bayan biya kafin katin ya fara aiki? Nawa ne iyakar abin da za su biya a shekara? Kashi nawa za ka cika daga aljihunka? Ko a tsarin gwamnatin Nijeriya, ma'aikaci yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Dokar CIMA ta ce sharuɗɗan da ke hana mutum haƙƙinsa sai an rubuta su ɓaro-ɓaro yadda ido zai gani, don haka ka ce a nuna maka wurin da yatsa a fassara maka layi-layi. Wanda ya ce maka komai da komai yana ciki, kuma da araha, ka tuna araha ba ta ado.

Na huɗu, a ina katin yake aiki? Yawancin katunan Nijeriya suna ɗaure mutum da asibiti guda da ya zaɓa, sai da takardar turawa zai je na gaba. Katin da aka yanka a Damagaram kuma ba lalle ya yi aiki a Kano ba, sai in an rubuta haka. Ka taka da ƙafarka zuwa asibitin da aka ambata ka tambaya ko suna karɓar wannan kati, domin gani ya kori ji. Kuma mu da ke bakin iyaka mun ga abin da ya faru: Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda yake kwana a Magarya amma katinsa na asibitin Kano ne, a irin wannan lokaci me katin zai yi masa? Katin can na mazaunin can ne.

Na biyar, kada ka yarda a yi ƙarya da sunanka. Wani dillali zai ce bari a rubuta kai ɗan Babura ne don aiki ya yi sauri, ko a rage shekaru, ko a ɓoye ciwon da kake da shi. Shi ya ci la'adarsa ya wuce, kai ne za ka kwana a ciki. A dokar CIMA, wanda ya yi ƙarya da gangan yarjejeniyarsa ta rushe, kuma kuɗin da ya zuba ba za a mayar masa ba. Balle yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, ya kamata duk mai zama a wata ƙasa ya tabbatar takardunsa na zama daidai suke, da sunansa na gaskiya.

Na shida, a samu mai karatu na biyu wanda ba ya cin komai a cinikin. Malamin makaranta ne, ma'aikacin likita ne, ko ɗanka da ya yi karatu, a ba shi takardar ya kwana da ita. Alkawuran da dillali ya yi da baki, a ce ya maimaita su a saƙon murya na WhatsApp a ajiye. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Mai cewa yau ne rana ta ƙarshe, a sa hannu yanzu-yanzu, shi ne abin gudu.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kwana a asibiti da yara, don haka wannan ta fi shafarku. Idan maigida ya ce ya yi wa iyali kati, ki duba da idonki ko sunanki da na kowane yaro yana ciki, domin tsare-tsare da yawa mata ɗaya da ƴaƴa ƙidayayyu suke ɗauka, sauran sai an ƙara kuɗi. Katin kuma ya zauna a hannunki, ba a jakar dillali ba. Masu tafiya Umra su sani cewa tun 2020 akwai inshorar lafiya cikin kuɗin biza, sai a tambayi mai shirya tafiya yadda ake amfani da ita kafin a hau jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wasu za su ce anya wannan harka ta halatta? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai ne masu amsa ta. Abin da zan ƙara shi ne akwai tsarin takaful da aka gina a kan taimakon juna ba tare da kuɗin ruwa ba. Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, CIMA kuma a 2019. Wasu kuma za su ce in shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, kuɗina sun tafi a banza. Ba su tafi a banza ba, sun yi jinyar wani, kai kuma ka samu lafiya, wadda ta fi kuɗin. Amma gaskiya ba kowa ne ke buƙatar katin ƙasar waje ba. Mai zuwa Maigatari da safe ya dawo da yamma, asusun ƙungiyarsu na nan gida zai fi masa amfani. Dillali na ƙwarai shi ne wanda zai iya ce maka wannan ba ta dace da kai ba, ko da zai rasa la'ada.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In haka ne, me zai hana a tilasta wa kowane kamfanin inshora ya haɗa takardarsa da taƙaitaccen bayani da Hausa, na boko da na ajami, mai nuna abin da ke ciki da abin da ba ya ciki? An gwada inshorar lafiya ta gunduma a Gaya da Goteye da tallafin ƙasar Beljiyam, Magarya da Dungas ma sun cancanci a duba su. Ƙaramin ofishin jakadancinmu da ke Kano yana iya ajiye sunayen dillalai masu rajista domin ƴan ƙasa su duba. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata kuma kada su jira gwamnati. Su gayyaci kamfani da kansa ya zo kasuwa ya yi bayani a bainar jama'a, a yi masa tambayoyi, a shiga a ƙungiyance. Mutum ɗaya ana iya yi masa wayo, amma kasuwa guda da wuya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.